Fulogi Na Uku

Wata huɗu bayan rasuwar Baba, Auta ta ɗauki hutu daga asibitin da take aikin jinya ta zo gida. Yayanta ne ya dame ta da waya a kan tsohuwar motar Baba da ke gareji. Shi dai a kira masu sayen ƙarfe su ja ta, Inna kuma ta ce ba mai taɓa ta. Auta ce ta taso tana miƙa wa Baba sifana, don haka aka bar mata hukunci: ta auna ƙarfin injin, in da sauran rai a gyara, in babu a haƙura.

Da hantsi ta buɗe garejin. Warin baƙin mai da tsohon tsumma ya tare ta, har sai da ta tsaya a bakin ƙofa, don warin rigar Baba ke nan. A nan aka same shi kwance gefen tayar gaba, zuciyarsa ta tsaya. Tun ranar da aka rufe ƙofar ba wanda ya sake shiga.

Ta ɗaga bonet. Fulogi huɗu na jere a kan tsumma, an cire wayar kwal mai kai musu wuta, gejin awon ƙarfin injin kuma yana nan ɗaure a ramin silinda ta uku. Ashe aikin da ta zo yi shi Baba yake cikin yi.

Ta sa batirin da ta aro wurin maƙwabci, ta leƙa tsakar gida.

"Inna, zo ki taimake ni. Aikin nan na mutum biyu ne. Ke ki murɗa makulli, ni in duba allura."

Inna na shanya. Zanen da ke hannunta ya faɗi ƙasa, ba ta ko duba shi ba.

"Haka ya ce," ta faɗa a hankali. "Ranar nan haka ya ce min. Na ce ina zuwa, bari in sauke tukunya. Na yi ta jin yana murɗawa da kansa, ya fita ya duba, ya dawo. Da na ji shiru, na ɗauka ya gama ne."

Auta ba ta taɓa jin wannan ba.

"Har yau in hantsi ya yi sai in ji ya kira ni," in ji Inna. "Shi ya sa na hana a sayar. Mu je."

Ta shiga kujerar direba, ta zauna can bakin-baki don ƙafarta ta kai. Auta ta tabbatar giya na firi, ta nuna mata yadda za ta danne totur har ƙasa.

"Sai na ce murɗa za ki murɗa. In na ce saki, ki saki."

Auta ta kwance gejin, suka fara daga silinda ta ɗaya. Injin ya yi gurnani, allurar ta yi tsalle sau biyar ta tsaya a ɗari da hamsin. Ta biyu ma kusan haka, ta huɗu ta ɗan gaza kaɗan. Auta ta bar ta uku a ƙarshe, ita kanta ba ta san dalili ba. Da suka zo kanta, allurar ta ja jiki da ƙyar ta tsaya a saba'in.

"Lafiya?" Inna ta tambaya.

"Wannan ce mai ciwon. Bari in zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai. In allura ta tashi, ringin fistin ne ya cinye, gyaransa da sauƙi."

Ta zuba man, ta mayar da gejin. Tana sunkuye tana ƙara ɗaure shi, hannun rigarta na lilo kusa da fanka, sai injin ya juya. Bel ɗin fankar ya fizgi bakin hannun rigar ya yage shi har gwiwar hannu, ya karce mata damtse. Ta yi baya da ƙarfi ta bugi bango.

Injin ya tsaya. Inna ta leƙo ta taga, fuskarta a sake, irin sakin da Auta ba ta gani ba tun zuwanta.

"Na yi daidai? Da kika ce murɗa ban ɓata lokaci ba ko?"

Auta ba ta ce a murɗa ba, a lokacin bakinta ma a rufe yake, ta cije leɓe tana ɗaurin. Ta dubi ƙofar gareji, ba kowa sai rana a kan siminti. Ta naɗe yagaggen hannun rigar ta ɓoye shi a bayanta, ta dubi geji. Ɗari da ashirin.

"Kin yi daidai, Inna. Ringi ne. Motar za ta tashi."

Inna ta kifa goshi a kan sitiyari ta yi kuka mai tsawo, Auta na tsaye riƙe da ƙofa.

Da la'asar Auta ta kira Yaya ta ce ba za a sayar ba. Mako na zagayowa wani bakanike abokin Baba ya zo ya sauke injin, ya sa sabon ringi, motar ta tashi da hayaƙi kaɗan. Auta ta koma bakin aikinta da tabo siriri a damtse. Da abokan aiki suka tambaye ta, ta ce ƙusa ce ta karce ta a gida.