Mai Taɓa Igiyoyin Jiragenmu

Kowa a rafinmu yana da abin faɗa a kan Eleuterio. Nélida mai gasa burodi ta ce idonsa ba ya sauka daga kan jirgin mutane. Casimiro ya ce fetur yake zuƙa. Ni dai saurare nake yi. Shekara biyu yana gadin gonar itatuwa a wani tsibiri kusa da mu, bai taɓa zama ya sha shayinmu na ganyen mate da kowa ba.

Abin da muka tabbatar shi ne, duk Asabar sai mu tarar an sake ɗaurin kwalekwalenmu. Ka ɗaure naka dab da gadar katako, yadda iyayenmu suke yi, ka dawo ka same shi can nesa yana lilo.

Asabar kuwa ranar 'yan birni ce. Su zo da jirage masu gudu da kiɗa, su bar mana kwalabe. Sau huɗu muna kai ƙara ofishin masu tsaron ruwa.

"Kun ɗauki lambar jirgin?" in ji jami'in.

"Ranka ya daɗe, wa ke karanta lamba a jikin walƙiya?" in ji Casimiro.

"To, ku dawo da lamba."

Da 'yan birni suka fi ƙarfinmu, sai muka juya kan Eleuterio. Aka ce in rubuta wa mai gonar takarda ya kore shi. Na rubuta, jirgin kayan masarufi ya tafi da ita ranar Juma'a.

Washegari na ɗaure jirgina da gajeriyar sarƙa da kwaɗo, na laɓe cikin ciyayi. Da hantsi sai ga Eleuterio yana tuƙi. Gada bayan gada yake kwance igiya, ya ƙara mata tsawo, ya ɗaure gindin jirgin a wani turke cikin ruwa. Tankin kowa bai taɓa ba. Ya iso nawa, ya dubi kwaɗon.

"Anselmo, fito, sauro zai cinye ka. Hularka ta tona maka asiri. Kawo makulli."

"Don me?"

"Ba ka jin ƙarar inji?"

Ban ba shi ba. Wani farin jirgi ya wuce a guje, raƙuman ruwa suka biyo baya. Jiragen maƙwabta suka yi sama suka sauko lafiya. Nawa ya bugi ginshiƙin gada sau uku, katakon gefensa ya tsage.

Eleuterio ya cire rigarsa ya cusa a tsagar.

"Me ya hana ka gaya mana?" na tambaye shi.

"Na gaya wa Casimiro bara. Ya ce baƙo ba zai koya masa ɗaurin igiya ba."

Muka yi ta kwashe ruwa da gwangwani. Da ruwan ya ragu, na juya gare shi.

"Maƙwabci, an aika wa maigidanka takarda jiya, a kore ka. Da hannuna na rubuta. Gobe zan bi ta da kaina in janye ta. Ka yafe mini."