Namijin Wiwi a Gidan Sauro

Kwana tara na yi ina zarya tsakanin madafa da bayan rumbu kamar wadda ta ɓoye ɓarawo. Abin da na ɓoye kuwa namijin wiwi ne, a cikin tsohon bokitin fenti.

Tun da hukuma ta sassauta doka rabin ƙauyenmu ya koma noman wiwi, ƙungiyar manoma kuma ta kafa sharaɗi ɗaya: duk namijin da ya fito, a tuge shi ranar da aka gane shi. Idan garin furensa ya taɓa matan sai su cika da 'ya'ya, masu saye daga birnin Khon Kaen kuwa ko kallon irin wannan ba sa yi. Na san haka sarai. Ni ce ma na fi kowa ɗaga murya ranar da aka kafa sharaɗin.

To amma wannan irin babana ne. Baba Tongdi ya haɗa shi tun yana da ƙarfinsa, a ɓoye cikin gonar rogo. Ya aurar da tamu ta gida da ake kira wutsiyar kurege, doguwar nan mai sa mutum surutu, ga wata gajera mai faɗin ganye da wani direba ya kawo masa daga ƙasar duwatsu. Abin da suka haifa ya sa masa suna 'Yar Mangwaro, don ƙanshinta na ɗanyen mangwaro ne da masoro. Ba ta sa surutu. Jiki take saukarwa, ta buɗe ciki. Tun da aka yi wa Baba aiki a hanji, ba ya iya haɗiye ko loma ɗaya ta shinkafa mai danƙo sai na jefa ɗan furenta a miyar kaza.

A daminar bara fumfuna ta cinye gwangwanin irin, ƙwaya biyu kacal suka tsira. Ban faɗa masa ba, kunya ta hana ni, don ni na bar murfin a buɗe. Na shuka su, ɗaya ta fito mace, ɗaya namiji. In ban haɗa su ba, daga bana 'Yar Mangwaro ta ƙare.

Sai namijin ya riga macen. Shi har ya ɗaura 'yan jakunkunan garinsa, ita ko farin gashin da ke kama garin ba ta fitar ba. Na zage ta, na lallashe ta, na ƙara mata taki, ko a jikinta. Ana cikin haka iskar sanyi ta taso daga wajen kogin Mekong, tana bi ta gidanmu ta sauka kan rumfar Yaya Lamduan.

Yaya Lamduan maƙwabciyarmu ce, ita ta goya ni ina ƙarama, ita ke ɗaukar Baba a babur ɗinta duk ranar asibiti. Mijinta ya rasu, rumfar nan ta wiwi ita ce duk abin da take da shi. Rannan tana dakan kwaɗon gwanda a gindin shinge ta ɗago kai.

"Bunmi, wai me kike nema a bayan rumbu? Ko saurayi kika ajiye?"

Na yi dariya. Ina komawa na kwance gidan sauron Baba, na ce masa wanki zan yi, na lulluɓe namijin da shi, na danne gefe-gefe da bulo. A wautata, abin da ya hana sauro shiga ai zai hana gari fita.

Rana ta goma da safe na tarar da garin a waje. Wani rawayan gari mai laushi ya kwanta a bayan gidan sauron, a kan ganyen ayaba, har kan kwanon shinge. Ban tsaya tunani ba, na ɗauko adda na sare namijin na dulmiya shi a tafkin kifi. Sai da ya nutse na tuna da macen. Na tsamo reshe a jiƙe na yi ta karkaɗa mata, alhali na san aikin banza ne.

Ashe Baba yana kwance a lilonsa a ƙarƙashin gidanmu da ke kan ginshiƙai yana kallona. Da na faɗa masa komai bai yi faɗa ba. Ya ce da na tambaye shi da ya faɗa mini: reshe ɗaya ake bari a sa masa jakar takarda, a datse sauran. Daga nan ya juya fuskarsa.

Sati biyar ban zauna wuri ɗaya ba. In na ji ƙarar babur ɗin Yaya Lamduan sai in faɗa ɗaki. Ta aiko mana da kifi, na kasa ci. Kullum sai na matse furen macena ina neman ƙwaya. Ta nuna, bakin ganyenta ya yi shuɗi-shuɗi, ƙanshinta ya cika gida, amma babu ƙwaya ko ɗaya.

Ranar da motar masu saye ta fita daga gidanta wayam, ina tsaye ina leƙe ta jikin shinge. Da azahar sai ga ta da babban kwanon sha a hannu. Ba ta yi sallama ba. Ta ajiye shi a gabana, cike yake fal da 'ya'yan wiwi.

Ta ce ta san ƙanshin tun da ta fasa ƙwayar farko, don gida ɗaya ne ke da shi a ƙauyen nan. Ba ta kai ƙara wajen ƙungiya ba, kuma ba za ta kai ba.

"Da kin faɗa mini, da ni da kaina zan kai namijin bayan dutse in yi miki gadinsa," in ji ta. "Iri kike so, ga shi nan. Rabinsa jinin irin Baba ne."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu. Ta wuce ni ta durƙusa ta gaishe da Baba, ta ce masa jibi ne asibiti, ya shirya da wuri. Ta fita ba ta dube ni ba, ta bar ni da kwanon.