Harsashi na Biyu a Bikin Sinan

Wallahi tun ranar da na ga libarbar nan a hannun yayana Hizam gabana ya faɗi. Gyaran bindiga ne sana'ata a kasuwarmu ta kan tsaunukan Kaulan, babu irin ƙarfen da bai bi ta hannuna ba, amma ban taɓa ganin ƙaramar bindiga mai harsashi kaurin babban yatsa ba. Ƙirar Amurka ce, wai can manyan namun daji ake kashewa da ita. Wani ɗan fasa-ƙwauri ne ya shigo da ita, Hizam kuwa, da shegen son a san da shi, ya yi wuf ya saye saboda bikin ɗansa Sinan.

"Mabkut, gwada mana ita mu ji muryarta," in ji shi, yana washe baki.

Na sa harsashi ɗaya tak, na fita bayan shago, na riƙe ta da hannu biyu, na saita wani dutse, na ja kunama. Innalillahi! Ji na yi kamar alfadari ya shure ni a tafin hannu. Fatar tsakanin yatsuna ta tsage, ganyen kat, abin taunawarmu, da ke kumatuna na haɗiye shi ban shirya ba, kunnuwana suka toshe. Amma ba wannan ne ya tsorata ni ba. Da ta yi tsalle sama, yatsana ya sake matse kunamar ba da sanina ba, na ji ƙas a ramin da babu harsashi, bakinta kuwa yana kallon bayan kafaɗata.

"Yaya, ka ga abin da na gani? Sau biyu ta tashi. Duk wanda za ka ba, ka sa masa ɗaya kawai."

"Kai dai ka tsufa ne, hannunka ya zama na mai murza ƙullu."

"Na ji, na tsufa. Ka sa ɗaya."

Ya bushe da dariya, ya soke ta a ɗamara kusa da wuƙarsa, ya tafi.

Amaryar 'yar Alhaji Shayif ce, babban mutanen kwarin da ke bayan dutse. Mun daɗe muna rikici da su a kan magudanar ruwa, sun binne mutane, mu ma mun binne. Ba a jima da yin sulhu ba, kuma ranar bikin ce karon farko da suka tako ƙasarmu da bindigoginsu a kafaɗa. Kowa yana murmushi, kowa kuma yana kallon hannun wani. Abu kaɗan zai mayar da mu gidan jiya.

Bayan an ci an ƙoshi, maza suka fita harbin fararen duwatsu da aka jera a tudun da ke fuskantarmu, kamar yadda ake yi a kowane biki. Uban amarya ke buɗe fage, mai gida kuma ya miƙa masa bindigar da ya fi ji da ita. Na hango Hizam yana cusa harsasai, ramuka biyar duka. Na ja shi gefe.

"Ka haukace ne? Me na ce maka?"

"Mabkut, yi hankali. In miƙa wa Shayif bindiga da harsashi ɗaya a gaban mutanensa? Ka san abin da za su ce. Za su ce mun ci abinci tare amma har yau tsoronsa muke ji."

Gaskiyarsa ce kuwa. A wurinmu a cike ake ba baƙo bindiga, alamar ka ba shi amanar ranka. Na ce to aƙalla ya gaya wa tsohon ya riƙe da hannu biyu.

Ya gaya masa kuwa. Alhaji Shayif ya juya ta a hannu, ya dube mu sama da ƙasa. "Hannu biyu? Hizam, tulu ka ba ni in ɗauka? Tun kana tsumma nake harbi da hannu ɗaya."

Mutanensa suka kwashe da dariya, namu ma suka taya su. Hizam ya haye katangar gona da ke bayan tsohon, don kowa ya ga mai bindigar. Ni ina ƙasa, kusa da ƙafarsa.

Tsohon ya ja kunama da hannu ɗaya. Ƙara biyu aka ji, a manne da juna. Libarbar ta tashi ta daki goshin Alhaji Shayif, ta juya ta bayansa, tsohon ya zube zaune, jini ya rufe masa ido. A daidai lokacin Hizam ya faɗo daga katanga a kaina.

Ganguna suka tsaya. Abin da ya biyo baya ba zan manta ƙararsa ba har in mutu, ƙarar bindigogi ana ɗana su ta ko'ina. Su sun ga dattijonsu cikin jini da bindigarmu, mu mun ga baƙo ya harba, mai gida ya faɗi. Sinan, da furannin angonci a kansa, ya riga ya saita ƙirjin babban wan amaryarsa.

Hannuna yana ƙarƙashin kwat ɗin Hizam, na ji ɗumi yana bin yatsuna. Ramin da ke gefen cikinsa, Allah ya sani, ban taɓa taɓa irinsa ba.

"Ɗaga ni," ya ce a kunnena. "Ja mini mayafina ka rufe. Ɗaga ni, don ubanka!"

Ubanmu ɗaya, amma na ɗaga shi. Ya rataya hannu a wuyana, ya tattaro murya daga inda ban sani ba.

"Kai, Sinan! Sauke wannan abu, ɗan banza, zamewa na yi! Ƙarar ce ta firgita ni. Alhaji, yaya ka ji tulun namu?"

Tsohon ya share ido da gefen rawaninsa. Ya dubi fuskar Hizam, ya dubi hannuna da ke ɓoye cikin kwat, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗaga murya shi ma: "Shegiya ce, wallahi! Ta fi ni taurin kai. Ku sauke, ku sauke, goshina ne kawai!"

Wani ya yi dariya, wani ya biyo shi. Hizam ya yi wa makaɗa alama, ganguna suka dawo, bakunan bindigogi suka koma kallon ƙasa. Muka taka a hankali zuwa motata, yana ɗaga wa mutane hannu, yana ce musu zai je ya sauya tufa.

Da na rufe ƙofar motar sai ga Alhaji Shayif ya buɗe ta baya ya shigo, ya ɗora kan Hizam a cinyarsa, ya danne ramin da rawaninsa. Na ja mota kamar mahaukaci ina kuka, asibiti kuwa yana can ƙasan tsauni.

"Mabkut," in ji Hizam, murya ƙasa-ƙasa. "Goge bindiga nake yi a ɗaki ta tashi. Ka ji? Haka za ka ce."

"Na ji, Yaya. Yi shiru."

"Alhaji, kai ma ka ji?"

Tsohon ya gyaɗa kai.

Ba mu kai rabin gangaren ba Alhaji Shayif ya dafa kafaɗata ya ce in rage gudu, rai ya yi halinsa. Na tsayar da motar a gefen hanya na kashe ta. Daga can sama muna jiyo ganguna, ana ta harbin duwatsu.