Ɗan Mutanen Mandera

Kulu ba ta taɓa kiran ɗanta na fari da sunansa ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin laifinta. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. A ƙauyensu da ke bayan Danchadi, macen da ta kama sunan ɗan fari a gaban mutane, ko ta tsaya tana kallon fuskarsa, sai a yi wata guda ana zancen rashin kunyarta a bakin rijiya. Tun da aka yaye ɗan nata, Na'Allah, aka kai shi Mandera wajen yayarta Mairo, can ya girma, can ya yi aure. Bai dawo ba sai da ubansa ya rasu, ya zo da matarsa da 'ya'yansa ya kama noman albasa a 'yar fadamar da Kulu ta gada wajen mahaifinta. Shi Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. Ita kuwa in ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce mutumin Mandera. In tana da saƙo, matarsa Safinatu take faɗa wa, ko da yana tsugune a gabansu yana jin komai.

Zamanin farar hula, da siyasa ta yi zafi kowa yana neman a so shi, aka fito da wani tallafi: duk gwauruwar da ba ta da ɗa namiji baligi za a ɗauke mata kuɗin fadama da ake biya kowane rani, kuma a riƙa ba ta buhun gero jefi-jefi. Aka turo wani akawu ya bi ƙauyuka yana rubuta sunaye. Yaro ne ɗan birni, da biro maƙale a kunne, ga shi da sauri kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. Ya iske Kulu a ƙofar gida cikin mata suna yankan ganyen albasa, Na'Allah na gefe yana gyaran igiyar jigon ban ruwa. Ya tambaye ta ko mijinta na da rai, ta ce ya rasu. Ya tambaye ta ko tana da ɗa namiji.

To ina Kulu za ta sa kanta? Ga mata, ga baƙo, ga shi kansa yaron zaune. Ta ja mayafi ta rufe baki ta ce ita wace ce da za ta yi ɗa. Matan suka kwashe da dariya, don kowaccensu ta san abin da ake nufi. Akawu ya nuna Na'Allah da biro ya ce wannan fa? Ta kau da kai ta ce ɗan mutanen Mandera ne. Ya rubuta abin da ya ji, ya hau babur ya yi gaba, bai ko sha ruwan da aka kawo masa ba.

Da buhun farko ya zo, Kulu ta ɗauka rabon kowa da kowa ne. A na biyu ta gane an rubuta ta cikin marasa ɗa. Ta yi niyyar ta aika a gyara, har ta yi wa mai gari zancen, ya ce ta bari sai an sauke amfanin gona. Sai amfanin gonar bai zo ba. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki, ya bushe a tsaye. Rijiyoyin fadama suka ja baya, kayan masarufi suka ɓace daga kasuwa, sabulu ma sai wanda ya san wani. Jikokinta suna kwana da ruwan kunu. A irin wannan shekara, wanda zai ce da a hannunsa ne da ya mayar da buhun gero, ƙarya yake yi, ko kuwa bai taɓa jin kukan yaro mai yunwa ba. Na'Allah ya ci gaba da zuwa Boɗinga da jaki yana dangwala yatsa a madadinta yana ɗauko hatsin, suka ci, suka gode wa Allah, suka yi shiru.

Sai soja suka karɓi mulki. Aka kafa kwamiti a Boɗinga na binciken duk wanda ya ci abin gwamnati ba bisa ƙa'ida ba. Manyan da suka sayar da tirela-tirela na taki sun san inda suka shige, amma buhun Kulu bai ɓuya ba. Ɗanliti ne ya kai ƙara, maƙwabcinsu a fadama, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan rijiyarta da ba ta ƙafewa. Abin haushin shi ne mugun nan ko kalma ɗaya bai ƙara ba. Gaskiya tsagwaronta ya faɗa: Kulu na da ɗa, ƙato, har da gemu.

'Yan sanda suka zo da hantsi suka tafi da Na'Allah, tun da shi ke sa yatsa. Kafin la'asar labari ya dawo ƙauye cewa ya yi wa kwamiti bayani. Ya ce shi ba ɗan Kulu ba ne, ɗan Mairo ne ta Mandera, tsohuwar ba ta da kowa, shi ne ya riƙa karɓar hatsinta yana cinyewa ba da saninta ba. Mai gari da kansa ya zo ya fayyace wa Kulu yadda abin yake, yana magana ƙasa-ƙasa. In Na'Allah ba ɗanta ba ne, to tallafin halal ne, ba a bin ta komai, shi kuma ɓarawo ne, za a kai shi gidan yari a Sakkwato. In kuwa ɗanta ne, za a sake shi, amma ita ta yi wa hukuma ƙarya, sai ta biya kuɗin fadamar da aka ɗauke mata duka, da kuɗin geron a farashin yau. Kowa ya san ba abin da zai biya wannan sai fadamar kanta.

Mai gari ya ce shawararsa ɗaya ce, ta yi abin da ta saba yi tun tana yarinya, ta yi shiru. Duk ƙauyen ba mai ƙaryata ta sai Ɗanliti, shi kuwa bakinsa ɗaya. Gidan yari ba kabari ba ne, yaron zai fito ya iske fadama tana nan, 'ya'yansa suna ci.

Kulu ta kwana da maganar. Da safe ta ɗaure kwanonin aurenta da tasoshin da ta ajiye tun zamanin mijinta, ta ja akuyarta, ta kama hanyar kasuwar Shagari a ƙasa. Ta yini a rana. Masu sayarwa sun fi masu saye yawa, kowace mace da irin nata kwanonin a gabanta, sai ka ce rabon gado ake yi. Akuyar dai aka saya, ita ma a wulaƙance. Abin da ta ƙulle a bakin zane ko rabin buhu ba zai saya ba. Ta bi ta wajen wani dillalin albasa da ya saba sayen nasu, ta roƙe shi ya ba ta kuɗin amfanin bana tun yana ƙasa. Ya rantse mata shi ma bashi ne ya yi masa katutu, ya ba ta goro ɗaya.

Daga nan ta wuce Mandera. Mairo ta tsufa, ido ya yi rauni, amma kai na nan daram. Ta saurari ƙanwarta har ta gama, sannan ta ce ita ta goya shi, ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, ita ta yi masa aure, in baki kawai ake so za ta ce nata ne a gaban kowa. Amma ta ji an ce kwamitin nan Alƙur'ani suke ɗora wa mutum.

"Kulu, ni ba ni dafa Littafi bisa ƙarya. Ke ma kin san wad da ta haihe shi."

Kulu ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar da mijinta ya rasu. Tsoro ne ya cika ta. Tana tsoron yunwar da za ta biyo bayan fadama, tana tsoron gidan yarin da aka ce mutane suna mutuwa a ciki da zawo, kuma, ko da abin dariya ne a wurin wanda ba ɗan ƙasar ba, tana tsoron ta buɗe baki a gaban maza ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba.

Ranar zaman kwamiti ɗakin ya cika. Shugaban wani tsohon ma'aikaci ne mai tabarau, ga soja ɗaya a gefensa da bulala a kan cinya. Aka shigo da Na'Allah. Kulu ba ta ɗaga kai ba, ƙafafunsa kawai ta gani, ba takalmi, sun kumbura, da shatin igiya a idon sawu. Ya maimaita maganarsa da murya a dishe: shi ɗan Mandera ne, shi ya ci hatsin. Ɗanliti ya miƙe yana kumfar baki yana cewa a tambayi duk garin. Aka tambayi mai gari, ya ce shi dai ya san yaron daga Mandera ya zo, wanda kuma ba ƙarya ba ne.

Shugaban ya juyo wajen Kulu. Ba mugu ba ne, ya gaji ne kawai, kuma shi ma ɗan ƙasar ne, ya san abin da yake tambaya. Ya ce mata Inna, ba zai sa ta rantsuwa ba, kalma ɗaya yake so. In ta yi shiru, zai ɗauka abin da aka rubuta tun farko shi ne gaskiya, ta tashi ta tafi gida abinta.

Na'Allah ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, ba tare da ya dube ta ba, "Adda, tashi ki tahi gida."

Da ta tashi ɗin, ba mai zarginta. Har ta dafa ƙasa. Sai ta ji bakinta yana magana, muryar ma kamar ba tata ba.

"Ranka shi daɗe, ɗana na. Ni nih haihe shi."

Shugaban ya ce dole ta faɗi sunansa, don a rubuta. Ta buɗe baki, sunan bai fito ba. Ta sake gwadawa.

"Na'Allah."

Wata mata a bakin ƙofa ta ce subhanallahi ta rufe fuska. Sojan ya yi dariya, don shi bai ga abin wahala a ciki ba. Aka kwance Na'Allah, aka karanta wa Kulu abin da ake bin ta, aka ba ta wa'adi zuwa ƙarshen wata. Ba a ma kai ƙarshen watan ba. Mutum ɗaya ne a ƙauyen yake da kuɗi a hannu, kuma kowa ya san ko wane ne. Ɗanliti ya karɓi fadamar jingina, da rijiyarta, da albasar da ke cikinta wadda ta fara ƙwai. Mai gari ya yi shaida yana girgiza kai, ya ce wa Kulu ta kashe gidanta da bakinta.

Na'Allah bai taɓa yi mata zancen ba. Ya yi kwanaki yana zaune a zaure, ba gona, ba jari. Daga baya ya shirya da wasu masu tafiya Kurmi, can kudu, neman aikin dako, ya ce in Allah ya sa ya samu, zai dawo ya fanshi fadamar. Waɗanda suka tafi da irin wannan alkawari a shekarun nan suna da yawa, waɗanda suka dawo kuwa ana iya ƙirga su.

Da safiyar tafiyar ya zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna, da 'yar jakarsa a kafaɗa. Safinatu na tsaye da goyo tana share hawaye, tana jira a ba ta saƙon da za ta miƙa masa kamar kullum. Ya ce, "Adda, za ni tahiya. A yi mani addu'a."

Kulu ta ga ba sauran abin da take tsarewa, kunyar ta riga ta zube a Boɗinga a gaban kowa. Ta ɗaga kai ta dube shi sosai, ido cikin ido. Ta yi zaton za ta ga wani abu na jaririn da aka ɗauke daga bayanta aka kai Mandera. Sai ta ga dattijo. Kumatunsa sun faɗa, goshinsa ya yi layi-layi, furfura ta cinye rabin gemunsa. Ashe har ya tsufa a gidanta, ita ba ta sani ba.

Ta so ta yi masa addu'ar, ta kasa. Shi ma da ya ga tana kallonsa sai ya rikice, ya sunkuyar da kai, ya miƙe da sauri don kada motar Kurmi ta tafi ta bar shi.