Boswajar da Hamidu Ya Bari

Ana saura kwanaki kaɗan Hamidu ya rasu, ya kira uwarsa Furera a gaban mutane ya danƙa mata makulli, ya ce, "Inna, Kwando taki ce."

Kwando mota ce, idan har za a kira ta mota. Tsohuwar Boswaja mai ƙusumbi, ta girmi Hamidun kansa. A yashe ya same ta a bayan wani gida a Bebeji kaji suna ƙwai a ciki, ya sayo, ya sa mai walda ya yanke mata rufi, ya cire kujerar gefen direba ya shimfiɗa katako, ya ɗaura mata manyan tayoyi a baya. Mutanen Ɗansoshiya suka yi ta dariya suka raɗa mata suna. To amma su yi dariyarsu. In damina ta zauna, fadamar da ke tsakanin unguwarsu da titi ta cika da taɓo, Kwandon nan ce kaɗai mai ƙafa huɗu da take ratsawa. Injinta a baya yake, yana danne tayoyin, sai ta bi cikin laka tana tatata har ta fita. Da ita Hamidu yake kwaso nono daga rugage, da ita ake fitar da marar lafiya.

Ya bar mota, ya kuma bar matarsa Ramla da ciki. Haihuwarta ta fari sai da aka yi mata tiyata, ɗan bai zo da rai ba, likita kuma ya ja musu kunne cewa ko da wasa kada ta sake naƙuda a gida. Furera ta je wa baffan Hamidu da maganar a kai yarinyar Kiru ta zauna kusa da asibiti tun da wuri. Ya ce mai takaba ba ta kwana a wani ɗaki sai na mijinta, takabar mai ciki kuwa sai ta sauka. In lokaci ya yi a kai ta.

"A kai ta a kan me? A bayan babur, da cikin da aka taɓa tsagawa?"

"Ba ga mota nan an bar miki ba?"

Motar kuwa tun ranar jana'iza ba ta ƙara tashi ba. Rumfar da Hamidu yake ajiye ta a ciki ma iska ta kwashe. Mas'ud, ɗan wan Furera, magidanci ne mai haya da babur, ya iya tuƙi, amma ya murɗa makulli har ya gaji, ko tari ba ta yi ba. Daga nan sai aka kirawo wani makanike, Mudi, daga Kafin Maiyaki, wanda suke cin abinci kwano ɗaya da Hamidu. Ya zo ya sake yin gaisuwa har da hawaye, ya shiga ƙarƙashi, kafin la'asar ya sauke injin ɗungurungum ya ɗora a amalanke ya ce jibi.

Jibin nan ta daɗe ba ta zo ba. Aka yi shuka, jibi. Aka yi noman fari, kayan sai an samo daga Kano. Gero ya kai ƙugu, cikin Ramla ya sauko, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ranar da Furera ta tsare Mudi a garejinsa, sai ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma.

"Goggo, nauyin faɗa miki nake ji. Injin ya buga. Ko 'yan gwangwan ma da ƙyar suka ɗauka."

Ta taka da ƙafa har gida ba ta san ta iso ba. Gangar jikin motar tana nan a ƙofar gida, bayanta a wangale, awaki sun mayar da ita wurin kwana. Ramla tana zaune a bakin ɗaki tana tsince shinkafa, ta ɗago ta dube ta.

"Inna, ya gama?"

"Ya kusa," in ji Furera, ta shige bayan gida don kada a ga fuskarta.

Ranar kasuwar Kafin Maiyaki ta ɗauki farantin daddawarta ta tafi, don zama a gida tana kallon cikin nan ya fi ƙarfinta. Farantin ma guntu ne. Na aurenta ne, mai jan fure, Hamidu ya taɓa lallaɓawa ya yanki gefe guda ya yi wa kwanon da ya lulluɓe injin faci, ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Tana zaune a layin masu kayan miya sai ta ji wani sauti daga bayan rumfunan hatsi. Tatata, tatata, da wani ɗan fito a ƙarshe. Shekara da shekaru wannan ƙarar ce take gaya mata ɗanta ya dawo, ta ɗora masa ruwan wanka tun bai shigo ba. Ta miƙe da farantin a hannu, daddawa tana zubewa, ta bi sautin.

Sabuwar rumfar niƙa ce, mata sun jera kwanonin masara a layi. An kafa inji a kan ƙarfe, bel yana juya dutsen niƙan. Ga Mudi nan tsaye, gari ya yi masa furfura har gira. A jikin kwanon injin, ƙarƙashin ƙurar gari, ga jan fure.

"Mudi!"

Ya waiwayo, fuskarsa ta canja. "A'a, Goggo, sannu da zuwa. Niƙa kika kawo?"

"Niƙan uwaka na kawo. Ashe 'yan gwangwan a nan suke da rumfa?"

"Goggo, ki yi a hankali, inji ai kama yake yi."

Ta kwance mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta ture kwanon da ke gaba, ta haye kan buhun da ke bakin injin ta zauna. Ta ce yau ko ƙwayar masara ba za a ƙara niƙawa ba sai dai a haɗa da ita. Matan layi suka fara guna-guni, wata ta ce tuwon dare fa, Baba. Furera ta ce tuwon dare ya ci gidansu, ita rai biyu take da su a ɗaki. Kafin a jima kasuwa ta taru, aka kira Sarkin Kasuwa, Alhaji Ladan, ya zo yana dogara sanda.

Ta sauko ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba, ban san lambar inji ba, kada ma a tambaye ni. Ɗan nan da Allah ya karɓa, shi ya bar min mota. Wannan da yake tsaye kamar fatalwa, shi ya wanke gawarsa. Ya kwashe injin ya ce min ya buga. Ga shi nan yana ci da shi. Matar marigayin yau ko gobe, in naƙuda ta kama ta a bayan fadama mutuwa za ta yi, ni kuma wallahi a nan zan kawo gawar in ajiye masa."

Alhaji Ladan ya dubi Mudi. Mudi ya rantse cewa a Kano ya sayo.

Furera ta ɗago farantinta. Ta zubar da sauran daddawar a ƙasa, ta goge facin da bakin zaninta, ta kara guntun farantin a jiki. Rabin furen da ke hannunta ya haɗu da rabin da ke jikin inji, har inda almakashin ya karkace. Aka ɗauki salati.

"To, dama gwada shi nake," in ji Mudi. "Inji in an gyara sai an ba shi aiki an ga lafiyarsa."

"Wata nawa kana gwaji?" in ji wata daga cikin layi. "Ni tun kafin azumi a nan nake niƙa."

Sarkin Kasuwa ya yanke cewa yau ɗin nan za a kwance injin, Mudi ya mayar da shi inda ya ciro da hannunsa, a gaban shaidu. Haka aka yi. Furera ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta zauna a kansa, duk ƙusar da ya ɗaura tana kallo. Da Mas'ud ya murɗa makulli motar ta yi tari ta kama, Ramla ta leƙo daga zaure ta fashe da kuka.

Mudi ya tattara kayan aikinsa, ya tsaya yana sosa ƙeya. "Goggo, abu ɗaya. Wannan ba ta shan ruwa, iska take sha. Ramukan nan na baya, kada a bari wani abu ya…"

"Rufe min baki! Ɓarawo ne zai koya min riƙon kayana? Fita min daga ƙofar gida."

Kwana biyu aka yi ana ruwa. Furera ta tsaya a zaure tana kallon yadda yake kwarara ta tsagogin nan na murfin baya, kai tsaye kan injin da ta sha wahala kafin ta ƙwato. Ita dai abin da ta sani, duk abin da kake so ba ka barin ruwa ya taɓa shi. Rumbu ana yi masa jinka, buhu ana ɗora shi a kan dutse. Ta farke buhunan taki, ta haɗa da tsohuwar leda, ta ɗinke da basilla, ta yi wa bayan motar riga tsaf, ta ɗaure da igiya ta ƙasa yadda ko iska ba za ta ɗaga ba. Mas'ud ya gani ya ce kai, Goggo, ko a Kano sai haka.

Da hantsi naƙudar ta zo, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Aka shimfiɗa katifa a kan katakon, aka kwantar da Ramla, Furera ta zauna a baya ta riƙe mata kai, maƙwabciyarsu Halima ta riƙe lema. Kwando ta tashi a murɗa ɗaya. Suka wuce gonaki, suka bi burtali, suka gangara fadama. Ruwan ya kai rabin taya. Mas'ud ya sa giya ta ɗaya ya taka, motar tana kuka tana jan jiki, laka tana fallatsa musu a fuska.

A tsakiyar fadamar Furera ta ji ƙauri, irin na man da aka manta a kan wuta. Bayanta ya ɗauki zafi ta cikin kujera. Tatatan ya fara sauya murya.

"Goggo, ta yi zafi!" in ji Mas'ud. "Ina ake zuba mata ruwa? Bari in tsaya."

"In ka tsaya a nan mun nutse. Taka!"

"Inna, zan mutu," in ji Ramla.

"Ba za ki mutu ba, don ubanki. Riƙe hannun Halima."

Sai maganar Mudi ta faɗo mata, rabin da ta bari ya faɗa. Iska take sha. Ta juya ta dubi rigar da ta ɗinka da hannunta, ledar ta fara narkewa tana manne wa ƙarfe. Ta saki kan Ramla, ta haye bayan kujera a kan gwiwoyinta, rabin jikinta a waje, motar tana tangaɗi. Ta ja igiyar, ƙullin da ta yi da kyau ya ƙi. Ta sa haƙori. Ta cusa yatsu ƙarƙashin ledar, ƙarfen ya kama mata fata, ta yi ihu amma ba ta saki ba, ta yi ta yaga tana jifa cikin ruwa, tana zagin buhun, tana zagin Mudi, tana kiran sunan Allah. Hayaƙi ya bugo mata a fuska. Ta fizge faifan da ke rufe da ƙwaryar kunun da suka taho da ita ta shiga fifita ramukan kamar mai hura murhu.

"Saura kaɗan, 'yar nan," take ce wa motar. "Ke kika san hanya. Saura kaɗan."

Tayoyin suka kama tudu. Kwando ta hau tana ƙwanƙwasa kamar ana dukan tukunya da muciya, ta ja har gabanta ya taɓa kwalta, ta yi wata ƙara guda ɗaya, ta yi shiru.

Furera ta dira, ta tsaya a tsakiyar titi da hannuwa a sama, fatar tafin duk ta saluɓe. Bas ta farko da ta zo dole ta taka birki.

Bayan azahar aka fito da Ramla daga ɗakin tiyata. Mace aka samu, ƙarama, mai ƙarfin murya. Furera ba ta iya ɗaukarta ba saboda an naɗe mata hannu biyu da bandeji, sai dai aka kara mata ita a ƙirji.

Washegarin suna ta sa aka jawo Kwando da shanu har ƙofar garejin Mudi. Ya buɗe bayan, ya kama bel ya ja, injin ko motsi. Ya ga guntun leda a manne, ya ɗago.

"Yanzu kam ya buga da gaske. Goggo, ai sai da na ce miki…"

"Ka ce. Da ba ka sata ba da na tsaya na ji." Ta sa ƙafa ta jawo benci ta zauna. "Matar Mas'ud cikin wata bakwai gare ta, fadama kuma ba ta bushe ba. Ɗauko kayan aikinka. A nan zan wuni, gobe ma a nan."