Butar Verna da Bututun Orlin

Orlin Haugen ya shekara hamsin da biyu yana saka riga mai tsabta, bai taɓa tambayar yadda ta zama mai tsabta ba. Ya san injin wanki yana ɗakin ƙarƙashin gida, don shi ya sauke shi can da hannunsa, shi kuma ya haƙa ramin bututun da ke fitar da ruwan wanki ya huda bango ya nufi gindin itatuwa. Iyakar saninsa ke nan. Sauran duk na matarsa Verna ne.

Yanzu Verna wata biyu ke nan tana gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Mantuwa ta ci ƙarfinta. Abu ɗaya ya rage mata, bargon aurensu, wanda matan cocinsu suka ɗinka da ƙyallaye, kowace ta saƙa sunanta da jan zare, sunan ango da amarya a tsakiya. Idan bargon yana kan cinyarta takan bi sunayen da yatsa har ta iso tsakiya, sai ta ɗaga kai ta ce, "Orlin, ka zo?" Idan babu bargon, baƙo ne kamar kowa.

Ranar Lahadi miya ta zube a kan bargon. Ma'aikaciyar jinya ta ce injinansu manya ne, za su yayyage shi, gara ya kai gida. Ya ce mata ƙarfe uku na ranar Litinin zai dawo da shi a bushe.

Washegari da safe ya sauka matakala goma sha biyun ɗakin ƙarƙashin gidan, gwiwa tana ƙara. Daren jiya an yi sanyin da ko karen gidan ya ƙi leƙa waje. Ya ɗaga murfin injin, ya naɗa bargon a jikin turken tsakiya, ya zuba garin sabulu da ƙiyasi, ya murɗa makunni. Ruwa ya cika, turke ya fara juyi, Orlin ya hau sama ya sha kofi yana ganin ashe wannan ne aikin da mata ke ta faɗi.

Da ya dawo sai ya tarar injin yana gurnani a wuri ɗaya. Ya buɗe murfi: ruwa cike, toka-toka, bargo a nutse. Ya rufe ya sake murɗawa. Gurnani. Ya cire soket ya ƙirga hamsin ya mayar, don ya taɓa ji ana yi wa talabijin haka. Gurnani. Ya daki gefensa da tafin hannu yadda yake yi wa tsohuwar tarakta, injin bai kula shi ba.

Ya kira Gus Lindqvist, maƙwabcinsa tun suna yara, wanda ciwon ƙugu ya kwantar da shi ba ya fita. Gus ya yi dariya har da tari, ya ce ranar da Orlin ya taɓa kayan wanki ai sai a buga ƙararrawar coci. Ya tambaye shi ko murfin ya rufu sosai, ko safa ta maƙale, ko kayan sun taru gefe ɗaya. Orlin ya duba duka, babu.

"To, tsohon banza, bututunka ne ya daskare."

"Bututuna?" in ji Orlin. "Shekara arba'in bai taɓa daskarewa ko sau ɗaya ba. Naka ne ke daskarewa, mai haƙa rami da cokali."

"Ni dai na ga ramin nan lokacin da kake haƙa shi. Ko kaza ba za ta ɓuya a ciki ba."

Orlin ya kashe wayar. Mutum ne da ba a taɓa masa aikin hannunsa. Tun a wancan lokaci Verna ta ce ya ƙara wa ramin zurfi, ya ce mata ta kula da tukunyarta, kuma duk shekara sai ya yi wa maza gori a bakin coci cewa nasa bututun ba ya jin hunturu.

Mai gyara a gari ya ce sai Alhamis, hanyar gona ta toshe da dusar ƙanƙara, motarsa ba za ta shiga ba. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce.

Sai ya ce bari ya ciro bargon ya matse da hannu. Ya zura hannu biyu cikin ruwan ya kama ya ja. Bargon da yake ɗauka da hannu ɗaya ya koma kamar ɗan maraƙi, ga shi ya nannaɗe turken. Ya ƙara ƙarfi, ya ji ƙyat, ƙyat, ɗinki yana tsinkewa. Ya saki da sauri. Ya tsaya hannuwa na ɗiga, yana kallon wani jan zare yana yawo a saman ruwa, bai san sunan wace ce ya kwance ba.

Ya ɗauko tukunya yana kwasa yana zubawa a bokiti, ya hau matakala ya zubar a kicin, ya dawo. A bokiti na huɗu gwiwar ta ƙi. Ya zauna a mataki na shida, ba sama ba ƙasa, ruwa ya jiƙa masa wando. Ruwan injin kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Ko da ya kwashe shi tas, wa zai matse bargon, yaushe zai bushe? A wurin ya zauna har agogon falo ya buga biyu.

Ya sake wando, ya shiga akori-kurarsa mai iya keta dusar ƙanƙara, ya tafi wurin Verna hannu rabbana.

Verna tana zaune bakin taga, hannuwanta suna lalube a kan cinya. Ta dube shi da fara'ar da ake yi wa mai kawo wasiƙa. Ya ja kujera ya ce mata shi ne, Orlin. Ta gyaɗa kai don kada ta kunyata shi, sannan ta tambaya ko ya ga bargonta, an ɗauke mata. Ya ce yana gida cikin injin wanki, ruwa ya ƙi fita, ya yi duk abin da ya sani.

Hannuwanta suka tsaya.

"Ka zuba buta?"

"Wace buta?"

"Bawan Allah, kai ba ka taɓa wanki da hunturu ba? Tafasasshen ruwa, buta uku, a kan gwiwar bututun, daidai inda ya shiga bango. Sannu a hankali. Ka jira sai ka ji ya yi gyatsa."

Sai Orlin ya tuna. Duk Litinin ta hunturu yana ganinta tana sauka da buta tana hayaƙi, ta hau, ta sake sauka. Har tsokanarta yake yi, wai ta tafi shan shayi da ɓeraye. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta wuce.

Ta matso kusa da shi ta rage murya.

"Amma kada ka gaya wa maigidana. Shi ya haƙa ramin, yana ji da shi."

"Ba zan gaya masa ba," in ji Orlin.

Ta ji daɗi, ta ɗan dafa hannunsa. Sannan ta ce in ya gan shi a hanya ya ce masa ya zo, yau bai zo ba, kuma ba halinsa ba ne. Orlin ya ce zai faɗa masa. Ya zauna har ƙarfe huɗu tana kallon ƙofa, duk wanda ya gifta sai ta miƙa wuya.

Rana tana gab da faɗuwa ya isa gida. Butar tana nan bayan murhu inda ta bar ta. Ya cika, ya ɗora, ya sauka da ita yana dafa bango. A ta farko ba abin da ya motsa, haka a ta biyu. A ta uku bututun ya yi gyatsa. Ya murɗa makunni, ruwan ya fara ja da baya, sunayen matan coci suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, yawancin masu sunayen sun daɗe a kabari. Gefe guda ɗinki ya buɗe kamar tsawon tafin hannu, shi kuma bai taɓa zura zare a allura ba.

Wayar sama ta yi ta ƙara. Ya san Gus ne. Bai hau ba, ya tsaya riƙe da butar har injin ya gama juyi.