Filas ɗin Baffa Ashafa

"Biyu kan ɗaya, Baffa," in ji Maharazu mai shago. "Sababbi fil, har da fure a jiki."

Baffa Ashafa, dattijon Fulanin Gidan Katta, ya dubi filas biyu masu ƙyalli, ya dubi nasa mai loɓaɓɓen gindi da mahaifinsa ya sayo a Ƙonni tun shi yana saurayi.

"Kai da ka saida sabo, mi za ka yi da tsoho?"

"Sha'awa ce kawai."

"To. Amma in ba su kai damina ba, ka maido min abina."

Suka tafa a bakin shagon, cikin kasuwar Illela. Maharazu ya san abin da yake yi. Shayin asuba a filas ɗin Baffa yakan kai la'asar yana ƙona baki, kayan shagonsa kuwa shekara guda suke yi su mutu, mai su ya dawo ya sayi wani. Damina saura wata huɗu, ai ko na banza ya kai. Kuma Fulanin Gidan Katta duk inda Baffa ya sayi abu nan suke saye.

Ruwan farko bai sauka ba sai ga Baffa ranar kasuwa, da filas biyu a cikin buhu.

"Wanga murfinsa ya narke. Wanga kuma in ka zuba shayi, kafin ka gama alwala ya zama ruwan randa."

Maharazu ya jujjuya su, ya leƙa ciki, ya girgiza. Kamfani ɗaya, kwali iri ɗaya da na bara. To yaushe aka rage musu kwana ba a gaya masa ba, shi da yake cin abinci da mutuwarsu?

Ya bar Baffa kan benci ya hau babur sai gida.

"Shafa'atu, ina filas ɗin nan da na kawo?"

Matar tasa ta ɗago daga wanke-wanke. "Wanne? Loɓaɓɓen nan? Ai na ba Halliru mai gwangwan, ya ba ni baho sabo. Mai shago guda yana shan shayi a abin bola, ba ka jin kunya?"

"Ina bahon?"

Ta nuna masa da haɓa. Yana jingine da bango, ya tsage tun daga baki har gindi, kaji na shan ruwa a gefen da ya rage.

Maharazu ya iske Halliru a bayan tasha, zaune cikin tulin ƙarafa, yana tsiyaya shayi daga filas ɗin, tururi na tashi.

"Zan ba ka sababbi uku."

Halliru ya yi dariya. "Alhaji, irin naka kullum ina auna su a sikeli. Ko nauyi ba su da shi."

Haka Maharazu ya koma shago hannu rabbana. Baffa ya saurare shi har ƙarshe, ya ɗauki sandarsa, ya bar buhun a nan.

Halliru dai ya ci riba, yana shan shayi da zafinsa. Baffa ya rasa abin mahaifinsa, Shafa'atu ta rasa baho, Maharazu ya rasa Gidan Katta gaba ɗaya. Har yau in ya buɗe sabon kwali sai ya kara filas a kunne, ko zai ji kwana nawa aka ɗibar masa.